Kwana Goma na Kujerar Ragna

A ma'aikatarmu ba a gaya wa mutum da baki yadda kujerarsa take. Haka na tarar da abin lokacin da na fara aiki a wurin Maigida Aksel ina 'yar shekara goma sha tara, haka kuma na bar shi ranar da na ajiye aiki. Idan an zana sabuwar kujera, kafintoci su haɗa guda ɗaya ta gwaji, ni kuma in saƙa mata mazauni da farar igiyar takarda, sai a ɗauke ta a kai ɗakin cin abinci, a ajiye ta cikin tsofaffin kujeru kamar dama can a nan take. Kwana goma na aiki za ta yi. Ba mai yabonta, ba mai kushe ta, wanda ya zana ta kuma ba ya zama a kanta, ba ya tambayar kowa komai. Ni da nake da surutu, wannan shirun ya fi min saƙar wuya, amma na saba. Ran na goma, bayan mun sha kofi na ƙarfe uku, Maigida zai tsallako daga gidansa, ya sunkuya a kanta kamar wanda allurarsa ta faɗi, sannan ya miƙe ya ce, "A yi ta," ko kuwa ya ce, "A kai ta sama." Ɗakin sama cike yake da kujerun da ba su ci ba. Mafi yawansu ma nasa ne, don ba ya raga wa kansa.

Shi Maigida ba ya cin abinci da mu, a gida yake ci, tsallaken tsakar fili. Saboda haka kafintoci sun daɗe suna mamakin yadda yake sanin kujerar da aka so da wadda ba a so ba. Wasu suka ce Viggo, shugaban kafintoci, shi ke kai masa rahoto. Viggo kuwa bai taɓa musawa ba, don zancen yana ƙara masa girma. Ni na san abin da Maigida ke dubawa, amma ba wanda ya taɓa tambayar mai saƙa.

Shekara uku kafin wannan labari, ɓarin jikin Maigida na dama ya shanye. Hannun da yake zane da shi ya mutu, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai ya yi gumi. 'Yarsa Ragna ta dawo daga birnin Kopenhagen ta karɓi ofis. Shekararta arba'in da huɗu a lokacin, doguwa kamar ubanta, sai ta sunkuyar da kai take shiga ƙofar ɗakin sama. Shekara ashirin ta yi a can tana zana wa wani kamfani kabad-kabad na kicin, inda ba a sa sunan kowa a jikin komai. Tana ƙarama a ƙarƙashin teburina take wuni, tana ɗaura wa kyanwa guntayen igiya a wutsiya, tana ce min Goggo Bodil ko da yake ba abin da muka haɗa. Da ta dawo ma ba ta fasa ba.

A shekara ukun nan ba mu yi sabuwar kujera ko ɗaya ba, tsofaffin na Maigida muke ta maimaitawa. Rannan, da hunturu ya wuce, muna cin abincin rana, Ragna tana ɓare dafaffen ƙwai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce:

"Na zana kujera. Viggo, gobe zan ba ka takardun. A yi mata yadda ake yi wa kowace. Ran na goma kai za ka tsaya a madadin Baba."

"To," in ji Viggo.

"Idan ta ci, ina nan. Idan ba ta ci ba, zan koma inda na fito. Ma'aikatar kujeru ba ta bukatar mai zana kabad."

Ta barbaɗa wa ƙwan gishiri ta cinye. Mu goma ne ban da ita, kuma kowa ya san idan Ragna ta tafi sayar da ma'aikatar za a yi, masu sayen kuwa sunan Maigida suke so, ba mu ba.

Kujerar tana da kyau, wannan ba zan hana ta ba. Majinginarta da hannuwanta katako ɗaya ne da aka lanƙwasa, ya zagayo kamar mai shirin rungumarka. Ƙafafun sirara, amma da Preben, wanda ya fi kowa ƙiba a cikinmu, ya hau kanta ya tsaya tun kafin a saƙa mazaunin, ko ƙara ba ta yi ba. Viggo ya daɗe yana shafa ta da tafin hannu yana gyaɗa kai. Ni kwana biyu na yi ina saƙa. Abu ɗaya na lura da shi: igiyar da na ware ba ta isa ba, sai da na ƙaro. Na ce a raina tsufa ne ya sa na yi kuskuren awo, na wuce.

Ran Litinin da safe, kafin Ragna ta fito daga ofis, Viggo ya tara mu a bayan injin zarto. A hannunsa akwai wata tsohuwar samfefa, takardar goge katako, ya rubuta sunayenmu a bayanta da fensirin da ke maƙale a kunnensa.

"Kujerar nan ba za ta wuni ba kowa a kanta ba," ya ce. "Kofi na safe, abincin rana, kofi na ƙarfe uku. Na raba. Preben, kai ne yau da rana. Kirsten, ke ce ƙarfe uku. Bodil, ke Alhamis, sauran biyun zan gaya miki."

"To idan ɗuwawuna bai yarda ba fa?" in ji Preben.

"Ɗuwawunka ba shi da ƙuri'a."

"Shekara ashirin da biyar yana da ita."

"An soke. Kuma kada in ga kowa yana kallon kowa. Ka je ka zauna kamar ƙafarka ce ta kai ka."

Kirsten, wadda ke shafa wa kujeru mai idan an gama su, ta ce, "Viggo, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Wane irin ha'inci? Zama ne fa. Kullum ba kya zama? Yarinyar nan ta bar birni ta zo ta zauna da mu cikin iska da ruwa shekara uku. Mu ba za mu iya zauna mata minti ashirin ba?"

Kowa ya karɓi ranarsa. Ni ma na karɓi tawa. Mu haka muke: in za mu yi wa mutum alheri sai mun tsara shi, kowa ya san ranarsa.

Alhamis ta zo, na ɗauki baƙin burodina da kifi na je na zauna. Ni gajeriya ce, wannan kowa ya sani. Da na matsa baya don in jingina, sai ƙafafuna suka bar ƙasa suna lilo kamar na 'yar yaye, bakin mazaunin kuma ya danne min bayan gwiwa. Sai na zamo gaba na zauna a baki-baki, bayana a miƙe kamar mai jiran likita. A haka na ci abincina. Na ce ai laifin gajartata ne. Amma da na fara satar kallon sauran, sai na ga kowa haka yake yi, har Viggo da ba gajere ba. Su zauna a baki, su cinye, su tashi da sauri su ce aiki na jira. Preben, wanda kullum sai an tashe shi daga gyangyaɗi bayan abinci, duk ranar da layi ya zo kansa shi ne farkon komawa bakin aiki.

Ragna tana can ƙarshen tebur a kan tsohuwar kujerar da ta saba. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta kalli sabuwar kai tsaye ba. Amma wanda ya san ta tun tana ƙarama ya san tana gani. Ran na shida ta shigo da kek mai kirfa, ta ce haka kawai. Ran na bakwai na ji ta a waya tana cewa ƙarshen wata za ta mayar da makullin ɗakinta na Kopenhagen. Ran na takwas maƙeri ya aiko da wani ɗan ƙunshi, ta yi maza ta tura shi a aljihun tebur, amma Kirsten ta gani. Ƙarfen tambari ne, irin wanda ake gasawa a ƙona suna da shi a ƙarƙashin kujera. Sunanta ne a jiki.

Ran na tara ni ke da goge tebur. Da kowa ya fita, na jawo kujerar kusa da taga na duba.

Dukkanmu shuɗin wandon aiki muke sawa, maza da mata, farar igiyar takarda kuwa ba ta ɓoye komai. Shunin wando ne, ƙurar katako ce, gumi ne, duk sai ta kwashe. Shekara talatin da suka wuce, wata rana Maigida ya aika kujerarsa sama, ni kuma na ji haushin saƙata da za ta tafi a banza, na tare shi na tambaye shi dalili. Ya kama hannuna ya ɗora a kan mazaunin, daidai inda shuɗin ya tsaya. "Mutanen nan tsorona suke ji, Bodil," ya ce. "Wandonsu kuwa bai san ni ba." Kujerar da aka ji daɗinta, shuɗin yakan kai har can baya ƙarƙashin majingina, tsakiyar kuma ta ɗan lotsa.

A kujerar Ragna shuɗin bai wuce faɗin tafin hannu daga gaba ba. Ya yi duhu sosai a nan, don an zauna, an zauna ƙwarai da gaske. Daga nan zuwa baya kuwa fari fat, kamar yau na gama saƙawa.

Na je na kira Viggo na nuna masa. Da farko ya ce datti ne kawai. Sannan ya sake dubawa, don ba wawa ba ne.

"Ashe wannan yake dubawa," ya ce a hankali. Ya sosa ƙeya. "To ai da sauƙi. Ga tsohon wando can a rataye, a goga mata a baya."

"Ka taɓa min saƙa da wandon nan, ni da kai ne."

"Bodil, kwana ɗaya ya rage."

"Guda ɗari biyu za a yi, Viggo. Za su shiga gidajen mutane."

"Za su saya. Kyakkyawa ce."

"Su saya su zauna a bakinta kamar baƙi a cikin gidansu. Da sunanta a ƙasa."

"Ke shekara biyu ta rage miki ki ajiye aiki ki koma shuka dankali," ya ce. "Mu fa? Kirsten 'ya'yanta uku. Ki riƙe bakinki, don Allah. Dama al'ada ta ce ba a magana."

Gaskiya ya faɗa.

Ran na goma, bayan kofi na ƙarfe uku, Viggo ya miƙe ya je ya sunkuya a kan kujerar yadda Maigida ke yi, har da riƙe ƙugu. Bai kalli mazaunin ba, ƙafafun ya duba. Ya miƙe ya ce, "A yi ta." Preben ya ce, "To, ba laifi," wanda a bakin Preben babban biki ne. Wuyan Ragna ya yi ja har kunne. Ta ce, "To. Mu koma aiki."

Kowa ya fita. Ita ta tsaya tana tattara kofuna, abin da ba ta saba yi ba, so take ta kaɗaita da kujerarta. Ni ma na tsaya. Ban shirya komai ba. Na dai ga na jawo kujerar zuwa taga, na kama hannunta, na ɗora shi inda shuɗin ya tsaya.

Ta duba. 'Yar ubanta ce, ba ta bukaci bayani ba. Ta shafa farin wajen da yatsa, ta dawo kan shuɗin, ta sake komawa.

"Sun zauna," ta ce. "Na gani da idona. Sau talatin."

Ta sake kallon shuɗin.

"Sau talatin, mutum goma." Leɓenta na motsi, tana lissafi. "Kowa sau uku. Ba wanda ya yi huɗu, ba wanda ya yi biyu." Sai ta saki wata 'yar gajeriyar dariya ta hanci. "Viggo ne?"

"Dukkanmu ne."

"Har ke."

"Ni da Alhamis na fara."

Ta janye hannunta. "Zurfinta daidai yake. Na auna, na sake aunawa. Ku ne ba ku iya zama ba. Kujerar hutawa ce, ba ta cusa burodi a baki a gudu ba."

"Mai yiwuwa ne," na ce. "Sai dai bayan burodi akwai kofi, kuma da kofi a hannu mutum ke jingina."

"Ba a magana a kan kujera. Ke kika koya min."

"Ai ban yi ba. Hannu na ɗora, ke kika ja ni da zance." Sai na tambaye ta, "A jikin wa kika auna?"

Ta kalli waje. Daga nan ana hango gidan, da tagar da Maigida ke zama a keken guragu tun safe yana kallon shigowar motar katako da fitarta. Mutum ne da tsawonsa ya kusa mita biyu, rabin kuma duk cinya ce.

"A jikin Baba, kowace Lahadi," ta ce. "Shi ke riƙe min bakin tef da hannun hagu."

Ta sunkuci kujerar da hannu ɗaya ta nufi matakalar sama da ita. A mataki na uku ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Da kin bari zuwa Litinin, Bodil. Asabar da Lahadi kawai."

Babu Goggo a ciki, na lura. Har yau kuma ban sani ba ko da na bari ɗin ya fi.

Mako guda ba ta shigo ɗakin cin abinci ba. A ofis take ci, ƙofa a rufe. Viggo ya daina yi min magana, in yana son wani abu sai ya gaya wa bangon da ke kusa da ni. Madarar kofi ta daina isowa ɓangarena na tebur. Kirsten kaɗai ke turo min ita, ita ma ba ta kallona. Ran Laraba aka ga kwalaye jibge a ofis. Preben ya zo ya tsaya a kaina, ya riƙe ƙugu.

"To, sarauniyar gaskiya, kin ga an fara haɗa kaya. Sai ki saƙa mana kwandon bara."

"Ko na saƙa ba zai ɗauki abin da cikinka ke bukata ba," na ce. Amma abincin ranar bai wuce min ba.

Talatar da ta biyo baya, ina tsakiyar saƙa, sai ga inuwa a kan teburina. Ragna ce, da tef na awo rataye a wuya.

"Tashi. Zauna a kan akwatin nan. Bayanki a bango, ƙafa a ƙasa."

Ta durƙusa ta auna daga bango zuwa bayan gwiwata, sannan daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba fara'a, ba faɗa. Ta miƙe ta ɗaga murya. "Viggo! Kawo takardar."

"Wace takarda?"

"Wadda ke aljihunka na hagu. Kwana goma ka yi kana taɓa ta."

Ya zaro samfefar ya miƙa mata, kunnuwansa sun yi ja kamar an dafa su. Ta karanta sunayen daga sama har ƙasa.

"Rubutunka ya fi na Baba kyau," ta ce. "Tunda ka riga ka jera sunayen, ka rage min aiki." Ta rubuta awona a gaban sunana. "Na gaba. Preben, zo nan. Yau ɗuwawunka ya sami ƙuri'arsa."

Wanda ya kai mata wannan zancen ban sani ba. Kirsten dai ta sunkuyar da kai tana goge gwangwanin mai da ba shi da datti.

Ta auna mu goma, ta auna mai kawo wasiƙa, ta auna matar fasto da ta zo karɓar kujerar da aka gyara mata. Kwalayen kuwa ashe tsofaffin zanen Maigida ne ta sauko da su daga sama, na kujerun da ba su ci ba. So take ta ga abin da ya canja tsakanin wadda aka ƙi da wadda ta biyo bayanta.

Ni na ɗauka zarto za a sa a rage mazaunin a wuce wurin. Ashe ba haka abin yake ba. Da ta rage zurfin, sai lanƙwasar majinginar ta daina dacewa. Da ta gyara majinginar, sai hannuwan suka yi tsawo. Mako biyar ta yi tana zana tana gogewa. Wannan zagayen mai kama da runguma, abin da ya fi komai kyau a ta farko, dole ta matse shi. Ranar da ta yanke shawarar haka ta fito tsakar fili ta daɗe tsaye cikin yayyafi, sannan ta koma ciki ta miƙa wa Viggo takardun.

Ta biyun, a idona, ba ta kai ta farko kyau ba. Igiya kuwa daidai ta ci yadda na saba. Ragna da kanta ta kai ta ɗakin cin abinci. Ba ta sa ta kusa da tebur ba, a bakin ƙofa ta ajiye ta, inda iska ke shigowa, ƙarƙashin ƙusoshin da muke rataye jiƙaƙƙun riguna.

"Wanda ya zauna a nan don tausayina," ta ce, "mura ce ladansa."

Kwana uku ba wanda ya kusance ta, kowa na gudun a ce layi ne. Ran na huɗu Kirsten ta makara, ta tarar direban motar katako ya zauna a wurinta, dole ta zauna a kan sabuwar. Washegari ta sake zama, ba dole. Ran na shida muka shigo muka tarar kujerar ta bar bakin ƙofa ta koma kusa da taga, ba kuma wanda ya amsa cewa shi ya jawo ta. Ran na takwas Preben ya yi gyangyaɗi a kanta, baki buɗe, har sai da Viggo ya jefe shi da ɓawon burodi. Ni ma na zauna sau ɗaya. Ƙafafuna sun taɓa ƙasa.

Ran na goma Viggo bai miƙe ba. Ya kalli Ragna, ita ta miƙe. Ta juya kujerar wajen haske ta sunkuya, mu duka muka kewaye ta, don yanzu kowa ya san abin da ake dubawa. Shuɗin ya tafi baya sosai, tsakiyar ta lotsa. Amma can ƙarƙashin majingina akwai wani farin layi da ya rage, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗora yatsunta a kai. Uku suka rufe shi.

"Yatsa uku ne fa kawai," in ji Viggo. "Maigida da kansa ya sha ƙyale irin wannan."

"Bai taɓa ba," na ce. Ya harare ni.

Preben ya yi gyaran murya. "In za a bar mutum ya yi magana, akwai wani wuri a majinginar da ke tokare ni a nan, ƙasan baya. Sai in ɗan zamo."

"Ban tambaye ka ba," in ji Ragna. Ta zaro fensir daga gashinta. "A ina daidai? Nuna."

Ya nuna. Ta yi alama a jikin katakon. Ta miƙe ta ce, "A kai ta sama."

Sharaɗin da ta kafa tana ɓare ƙwai yana kunnen kowa, ga shi kuma kujera ta faɗi har sau biyu. Viggo ne ya iya tambaya.

"To... yaushe za ki tafi?"

"Ina?" ta ce, idonta a kan alamar da ta yi. "Saura yatsa uku, Viggo. Wa zai bar wannan ya tafi? Makullin can ma tuni na mayar." Ta juyo wajena. "Goggo, akwai igiya?"

"Igiya akwai. Yatsun ne babu."

"Ki nemo."

Ta uku ce ta ci, a lokacin kaka, ita ce kuma aka ƙona wa sunanta a ƙasa. Ba wani biki aka yi ba. Madara dai ta dawo ɓangarena.

Ta farkon kuwa ba ta daɗe a sama ba. Wata Lahadi na kai wa Maigida kek, na tarar Ragna ta sauko da ita ta ajiye a bakin tagarsa, an ɗago shi daga keke an zaunar da shi a kai. Ya shige har baya, ƙafafunsa daram a ƙasa, katakon ya zagaye shi daidai yadda aka zana, mataccen hannunsa kwance a kan hannun kujerar. Da hagunsa yana ta shafa ɗaya gefen. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, mu kuma muka jira, don ba ya son a ƙarasa masa magana.

"A... yi ta," ya ce.

Ragna tana zuba kofi, ba ta ɗago ba.

"An yi ta, Baba," ta ce. "Guda ɗaya."